Yadda ake raba kare da kaska da ƙuma

Kaskar da kake gani a kunnen karenka kaɗan ce daga cikin waɗanda ke gidan. Sauran suna cikin tsagar bango, da bayan ƙofa, da ƙarƙashin shimfiɗarsa, suna jiran lokacinsu. Shi ya sa mutum zai yi wa kare wanka da magani yau, bayan mako biyu ya ga sun dawo, sai ya ce maganin jabu ne, ya ƙara masa ƙarfi. A nan ake yin ɓarna, domin karnuka da yawa ba kaska ce ke kashe su ba, maganin da aka zuba da ka ne. Aikin kashi uku ne, kuma a rana ɗaya ake fara su: jikin karen, sauran dabbobin gidan, da wurin kwanansu.

Abin da ya kamata ka sani game da su

Kaskar kare mai launin ƙasa-ƙasa ta bambanta da yawancin kaska, saboda tana iya yin rayuwarta gaba ɗaya a cikin gida. Sau uku take hawa kare, kowane hawa ta sha jini na 'yan kwanaki, ta sauka, ta ɓuya ta sake fata. A hawa na uku macen takan yi kamar mako guda tana sha, ta kumbura, ta faɗo, ta nemi tsaga ta zuba ƙwai dubbai. Inda ake zafi, wata biyu ya isa ta kammala wannan zagaye. Babbar kaska kuma tana iya wuce shekara guda ba ta sha jini ba, don haka ɗauke kare daga ɗakinsa na 'yan makonni ba ya kashe ta da yunwa.

Ƙuma kuwa a jikin dabbar yake ƙwai, macen takan yi har 50 a rana, ƙwan ya zube duk inda dabbar ta kwanta. Manyan da ke jikin kare kamar kashi 5 ne cikin 100. Saura ƙwai ne da tsutsa da waɗanda suka naɗe kansu cikin kwanso a ƙasa, kuma na cikin kwanson suna iya yin watanni feshi bai taɓa su ba.

Kayan aiki

- Safar hannu ta roba, doguwa idan za ka yi wankan magani
- Hantsaki mai siririn baki, ko ɗan ƙugiyar roba da ake yi don cire kaska
- Mataji mai haƙora a matse sosai
- Kwalba mai murfi da sifirit a ciki
- Auduga da ayodin
- Sikeli
- Sirinji mai lambobi, na mil 5 ko 10, ba tare da allura ba
- Bokiti biyu, soso, da tsohon tawul
- Farar takarda da tocila
- Takunkumin kare, ko dogon ƙyalle mai laushi
- Ma'aunin zafin jiki
- Maganin da ya dace da dabbar, za a zo kan zaɓensa a mataki na 4
- Injin feshi na hannu, tsintsiya, da siminti kaɗan

Sirinjin da bokitin magani su zama na wannan aikin kaɗai. Ka yi musu alama.

1. Ka auna nauyin karen

Duk maganin da za a ambata a nan da nauyin jiki ake ba da shi, ido kuma yana yaudara, musamman a kan kare mai gashi. Ka hau sikeli kai kaɗai ka rubuta, sannan ka ɗauki karen ka sake hawa, ka cire na farko daga na biyu. Ɗan kwikwiyo ko kyanwa a sa su cikin kwando a auna, a cire nauyin kwandon. Kwikwiyo yana girma da sauri, saboda haka kowane wata sai an sake auna shi kafin a ba shi magani.

Ka kuma rubuta shekarunsa ko watanninsa, ko karya ce mai ciki ko mai shayarwa, ko ya taɓa farfaɗiya, da duk maganin da aka yi masa a cikin wata guda da ya wuce. Waɗannan su za su raba maka maganin da za ka iya amfani da shi da wanda ba ka isa ka taɓa ba.

2. Ka bincika jikinsa

A wuri mai haske, wani ya riƙe maka shi, wanda karen ya saba da shi. Idan yana da saurin cizo a sa masa takunkumi. In babu, a zagaya bakinsa da ƙyalle sau biyu, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa, a kai bakin ƙyallen bayan kunnuwa a sake ƙullawa. Kada a bar shi a ɗaure fiye da 'yan mintoci, don da baki kare yake huce zafi, kuma ba a ɗaure bakin karen da ke amai ko haki.

Ka bi gashin da yatsu ta kishiyar inda ya kwanta, daga kai zuwa wutsiya. Inda kaska ta fi so: cikin kunne da bayansa, gefen ido, wuya musamman ƙarƙashin abin wuya, hammata, matsematsi, gindin wutsiya, da tsakanin yatsun ƙafa. Wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa, kuma sau da yawa shi ne dalilin da ya sa kare ke ɗingishi ba a ga rauni ba.

Ƙuma yana da sauri, ba lallai ka gan shi ba. Ka tsayar da karen a kan farar takarda, ka taje bayansa kusa da wutsiya, sannan ka ɗiga ruwa a kan baƙin garin da ya zubo. In ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, wato jinin da ya sha. In bai canza ba, ƙura ce.

Kafin ka sake shi, ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. Na mai lafiya jaja-jaja ne da damshi, in ka danna da yatsa ya yi fari, ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Idan ka ga ya yi fari fat ko ruwan ɗorawa, ka dakata da duk wani wankan magani, ka kai shi wurin likitan dabbobi tukuna. Karen da jininsa ya yi ƙasa ba ya jure magani mai ƙarfi, kwikwiyo kuma ƙuma kaɗai yana iya shanye masa jini har ya mutu.

3. Ka cire manyan kaska da hannu

Sa safar hannu. Buɗe gashin, ka kama kaskar da hantsaki daf da fata, wato ta wajen bakinta, ba ta cikinta ba. Ka ja sama a hankali, da ƙarfi ɗaya, ba fizga. Za ka ga fatar ta ɗan taso, ka ci gaba da riƙewa, za ta saki. In ƙugiyar roba ce da kai, ka zura ta ƙarƙashin kaskar ka juya har ta fito. Jefa ta cikin kwalbar sifirit, ka shafa ayodin a wurin.

Abubuwan da aka saba yi, waɗanda ba su da kyau:

Matse cikin kaska yana tura abin da ke cikinta zuwa jikin karen, tare da ƙwayoyin cutar da ta ɗauko. Shafa mata kananzir ko man shafawa, ko ɗana mata wuta, ba ya sa ta saki da wuri, sai dai ya ƙona fatar karen. Fasa ta da farce yana shafa maka jininta a hannu, alhali wannan kaskar tana ɗauke da cututtukan da mutum ma ke kamuwa da su. Jefar da ita a ƙasa kuwa, in mace ce da ta ƙoshi, ka ba ta abin da take nema ne, za ta je ta yi ƙwai. Kada ka bar karen ya haɗiye ta, akwai cutar jini da ta haka take shiga.

Idan bakin kaskar ya karye a cikin fata, kada ka tona da allura. Shafa ayodin ka bar shi, jiki zai fitar da shi cikin 'yan kwanaki. Ɗan kumburi a wurin ba komai ba ne, sai in ya fara ruwa.

In kaskar ta yi yawa, ɗaruruwa, har da ƙananan da ba su kamuwa, ka cire manyan da na kunne da na gefen ido kawai, ka bar wa magani saura. Wadda ta shige can cikin ramin kunne ba a bin ta da hantsaki, aikin likita ne.

4. Ka zaɓi magani ɗaya

Ɗaya, ba biyu ba. Haɗa wanka da abin wuya da na ɗigawa a rana guda yana cikin manyan abubuwan da ke jawo guba. Ka duba sunan sinadarin a jikin kwalin, da ranar ƙarewar aikinsa, da ko an rubuta na kare ne ko na kyanwa.

Ƙwayar taunawa. Su ne irin su NexGard mai afoxolaner, da Simparica mai sarolaner, waɗanda ake bayarwa wata-wata, da Bravecto mai fluralaner, wanda ke kai mako 12 a kan ƙuma, amma a kan wannan kaskar ta gida wasu ƙasashe mako 8 suka yarda a rubuta. Ga gidan da kaska ta yi wa katutu, babu kamarsu, don wanka ko ruwan sama ba ya wanke su, kuma duk kaskar da ta ciji karen ta mutu kafin ta yi ƙwai. Bravecto tare da abinci ake ba da shi. Ka tsaya ka ga ya haɗiye, kada ka raba ƙwayar babban kare ga ƙanana biyu. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wannan rukunin yana iya jawo karkarwa ko farfaɗiya ga wasu dabbobi, saboda haka karen da ya taɓa farfaɗiya sai da shawarar likita.

Na ɗigawa a wuya. Mafi shahara shi ne fipronil, irin su Frontline, daga mako 8 da haihuwa da nauyin kilo 2. Ka buɗe gashin tsakanin kafaɗu har ka ga fata, ka ɗora bakin robar a kan fatar ka matse duka. A kan gashi ba ya aiki, domin ta maiƙon fata yake yaɗuwa. Don haka ne ma ba a yi wa karen wanka kwana 2 kafin a sa da kwana 2 bayan an sa. Wata-wata ake maimaitawa.

Feshin fipronil. Shi ne mafita ga ƙananan kwikwiyo da 'yan kyanwa, don ana iya amfani da shi tun suna kwana 2. Mil 3 zuwa 6 ake fesawa ga kowane kilo, mai gajeren gashi mil 3, mai dogo har mil 6. A Frontline, ƙaramar kwalba ta mil 100 tana fitar da rabin mil a kowace dannawa, ta mil 250 kuma mil 1.5. Kenan kare mai kilo 10 da gajeren gashi zai ci mil 30, dannawa 20 da kwalbar mil 250. A fesa ta kishiyar gashi, a murza da hannu, fuska kuma a fesa a safar hannu a shafa. Akwai sifirit a cikinsa, a nisantar da dabbar daga wuta har ta bushe, kuma kada a rufe ta a akurki tana jiƙe.

Abin wuya mai magani. Seresto, mai flumethrin da imidacloprid, yana kaiwa wata 7 zuwa 8. A ɗaura shi yadda yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da wuya, a yanke abin da ya yi saura. Ana yawan yin jabunsa.

Wankan amitraz. Shi ne aka fi samu inda waɗancan suka yi wuya, yana kashe kaska sosai, amma ba shi da ƙarfi a kan ƙuma, kuma shi ya fi kowanne haɗari in an yi ganganci. Ya sami mataki nasa a ƙasa.

Yanzu ga waɗanda ba a yi. Permethrin guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi, kuma yana cikin wasu magungunan ɗigawa na karnuka. Ko gogar karen da aka ɗiga wa ta yi, ko ta lashe shi, ya isa ya sa ta karkarwa. In da kyanwa a gidan, ka guje shi, ko ka raba su kwana 3. Fipronil yana kashe zomo. Amitraz ba na kyanwa ba ne, ba kuma na doki ba. Maganin ƙwarin gona da fiya-fiya, irin masu dichlorvos ko diazinon, ba a sa su a jikin dabbar gida ko an surka. Baƙin mai da kananzir suna ƙona fata, dabbar ta lashe su ta kamu. Allurar ivermectin ta shanu kuma ba ta maganin ƙuma, ƙarfinta an yi shi don dabba mai ɗaruruwan kilo, ƙaramin kuskure a sirinji ya isa ya makantar da kare ko ya sumar da shi. Karnuka jinsin Collie da danginsu ma sun fi saura saurin kamuwa da gubarta.

5. Idan amitraz za ka yi

Ba a yi wa kwikwiyon da bai kai wata 4 ba, ko karya mai ciki ko mai shayarwa, ko mai ciwon sukari, ko mara lafiya, ko ƙananan jinsi irin Chihuahua. Mutum mai ciwon sukari ko mace mai ciki su ma kada su yi aikin, don yana shiga ta fata.

Duba ƙarfin da ke jikin kwalbar. Idan kashi 12.5 cikin 100 ne, kamar Taktic, mil 2 ake sawa a lita 1 ta ruwa. Matsakaicin kare lita 5 ta ishe shi, wato mil 10. Da sirinji ake aunawa. Murfin kwalba ba ma'auni ba ne, wani murfin yana cin mil 5, wani 15. In ƙarfin kwalbarka ya bambanta, ka bi abin da aka rubuta don kare, ba na shanu ba, in kuma ba a rubuta ba ka tambayi likita.

Ka yi aikin a waje, a inuwa, da safe ko da yamma. Ka fara ba shi ruwa ya sha ya ƙoshi don kada ya lashi na wankan. In yana da dauɗa, ka wanke shi da sabulu ka tsane shi, sannan ka haɗa maganin. Da soso za ka jiƙa shi, daga wuya zuwa wutsiya, ciki da ƙafafu, har ruwan ya kai fata. Kai da kunnuwa da soso matsattse, ban da ido da hanci da baki. Ka tsoma kowace ƙafa cikin bokitin kamar rabin minti. Ba a ɗauraye shi, ba a goge shi da tawul. Ka yi ta yawo da shi a inuwa har ya bushe, kana hana shi lasar jikinsa. Yara kada su taɓa shi sai washegari.

Abin da ya rage a bokiti ba a ajiye shi. Amitraz da ya kwana a ruwa yana rikiɗa ya ƙara guba, haka ma tsohuwar kwalbar da aka daɗe da buɗewa. A zuba ragowar a rami nesa da rijiya da kududdufin kifi. Ɗan kasala da barci na yini guda bayan wanka abu ne da aka saba gani. Ana maimaitawa bayan kwana 10 zuwa 14, ba kafin mako guda ba, komai yawan kaskar da ka gani.

Ga jaririn kwikwiyo, in ba a sami feshin fipronil ba: ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke kwano na ruwa. A fara yin kumfa a zagaye wuya don kada ƙuman su gudu kai, a bar kumfar minti 5, a ɗauraye, a taje sauran da mataji, a busar da shi nan take a ajiye shi wuri mai ɗumi, saboda sanyi na saurin kama su. Wannan yana kashe na jikinsa ne kawai a lokacin, gobe wasu za su hau, don haka uwar da shimfiɗar su ne ainihin aikin.

6. Sauran dabbobin gidan

Duk kare da kyanwar da ke gidan a yi musu a ranar, ko ba a ga komai a jikinsu ba, kowa da maganin jinsinsa da nauyinsa. Kyanwa takan lashe ƙumanta har ba a gani, amma tana ta zubar da ƙwai.

7. Wurin kwana

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan aka fi yin kasala. Ka fitar da dabbobin da kwanukan abincinsu da na ruwa. Shimfiɗa a wanke ta da ruwan zafi, digiri 60 ko fiye, a shanya a rana. Wadda ta tsufa a ƙone ta. Ka share ko'ina, har da lungu da ƙarƙashin kaya, ka ƙone sharar, kada ka tara ta a gefe. In da injin zuƙar ƙura, ya fi tsintsiya a kan darduma da kujeru, amma a zubar da abin da ya tara nan take a cikin leda ɗaurarriya.

Sannan ka ɗauki tocila ka ɗaga kai. Wannan kaskar sama take hawa. Za ka same ta a tsagar bango, inda bango ya haɗu da rufi, bayan katakon ƙofa da taga, da ramukan bulo da ba a shafe ba. Wanda ya fesa daɓe kaɗai bai yi komai ba.

A yi feshi da maganin da aka yi don gine-gine da ɗakunan dabbobi, irin masu deltamethrin ko cypermethrin, a surka yadda takardarsa ta ce. Ka rufe hanci da baki, ka fara daga sama zuwa ƙasa, ka cusa bakin injin cikin kowace tsaga. Ba a mayar da dabba sai wurin ya bushe sarai kuma iska ta ratsa shi, kyanwa ma a ƙara mata lokaci. Waɗannan magunguna suna kashe kifi da ƙudan zuma, a kula da inda ruwan ke gangarawa.

Feshi ba ya kashe ƙwan da ke can cikin tsaga, kuma ƙwan kaska yakan ɗauki mako 2 zuwa 5 kafin ya ƙyanƙyashe. Saboda haka a maimaita duk mako 2, aƙalla sau 3. Bayan feshi na biyu, a toshe tsagogin da siminti, wannan ya fi kowane feshi daɗewa. In babu maganin feshi, tafasasshen ruwa da aka kwarara cikin tsaga da kan daɓen siminti yana kashe duk abin da ya taɓa, sai dai a riƙa yi mako-mako. A yanke ciyawar da ke kewaye, a kwashe tarin katako da tarkace.

A wasu wurare kaska ta saba da wannan rukunin magani har ba ya kashe ta. In ka yi feshi daidai sau biyu kana ganinsu da rai a bangon da ka jiƙa, kada ka ninka ƙarfin. Canza sinadari ake yi, da shawarar likita.

8. Tsutsar ciki

Karen da ke da ƙuma yakan haɗiye su wajen cizon jikinsa, ta nan tsutsar ciki mai faɗi ke shiga. Alamarta 'yan farare kamar ƙwayar shinkafa a kan kashi ko manne a gashin gindin wutsiya, da jan gindi a ƙasa. Maganinta praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo, sau ɗaya. Mai pyrantel kaɗai ba ya taɓa ta, sai ka duba ko an haɗa su. In ƙuman bai ƙare ba, za ta dawo cikin makonni 3.

9. Ka sa masa ido na wata guda

Cire kaska ba ya cire cutar da ta riga ta zuba. Biyu ne suka fi yawa. Ɗaya tana fasa jajayen ƙwayoyin jini: zazzaɓi, farin dasashi ko shawara, da fitsari ja ko baƙi-baƙi. Ɗayar tana bayyana kwana 8 zuwa 20 bayan cizo, tana rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini: ƙin abinci, rama, haɓo, da ɗigo-ɗigon jini a dasashi ko fatar ciki. Wannan ta biyun takan lafa kamar ta warke, ta dawo bayan watanni ta lalata ɓargo.

Hanci mai sanyi ko mai zafi ba ya nuna komai. Ka shafa wa ma'aunin zafin jiki ɗan mai, ka ɗaga wutsiya, ka zura shi santimita 2 a dubura har ya yi ƙara. Daidai shi ne digiri 38 zuwa 39.2. Daga 39.5 ga karen da ke hutawa zazzaɓi ne, in ya haura 40 kada a kwana.

Gwajin jini ne ke raba cututtukan biyu, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Ta biyun ana ba da doxycycline, miligiram 10 ga kowane kilo a rana, har kwana 28. Karen yakan warware cikin kwana biyu ko uku, a nan masu shi ke dainawa, cutar ta ɓuya. A cika kwanakin, a riƙa ba shi tare da ɗan abinci da ruwa. Ta farkon allura ce, kuma likita kaɗai ya kamata ya yi ta. Diminazene, allurar da ake yi wa shanu, tazarar da ke tsakanin warkarwa da kisa a jikin kare ƙanƙanuwa ce, ƙari kaɗan ko maimaitawa da wuri yana taɓa ƙwaƙwalwa. Kada kuma a sauke wa dabba zazzaɓi da maganin mutane: ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su lalata ƙoda, farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Idan magani ya yi masa yawa

Alamun sun danganta da sinadarin. Amitraz: barci mai nauyi, tangaɗi, jiki ya yi sanyi, bugun zuciya ya ragu, ciki ya kumbura. Dichlorvos da danginsa: dalalar miyau, hawaye, amai, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, tsoka na rawa, numfashi da ƙyar. Permethrin a jikin kyanwa: kunne da fuska na motsi da kansu, karkarwa, sannan farfaɗiya.

In ta fata ya shiga, sa safar hannu ka wanke dabbar da sabulun wanke kwano da ruwa mai ɗan ɗumi, ka ɗauraye, ka maimaita sau uku. Ruwan zafi yana ƙara shigar da gubar. Cire abin wuya in akwai. Ka tsane ta, in jikin ya yi sanyi ka lulluɓe ta. Kada ka ɗura mata mai ko madara, domin waɗannan sinadarai a maiƙo suke narkewa, ɗuren kuma yana iya bi ta huhu. Kada ka sa ta amai in tana karkarwa ko ba ta cikin hayyacinta. Wadda ke farfaɗiya ba a yi mata wanka, a naɗe ta a tawul a tafi. Ka ɗauki kwalbar maganin ka tafi da ita wurin likita, don kowanne da makarinsa: atropine ga dichlorvos, atipamezole ko yohimbine ga amitraz, kuma in an ba da na wani a wurin wani ana iya ƙara ɓata lamarin.

Bayan an gama

Ganin ƙuma jefi-jefi har wata 2 ko 3 bayan fara magani ba ya nufin maganin bai yi ba, na cikin kwanso ne ke fitowa, su hau karen su mutu. Don haka a bar karen da aka yi wa magani ya ci gaba da kwana a wurinsa, kada a tsallake wata ko ɗaya a cikin ukun farko. Ka rubuta ranar da ka bayar da sunan maganin da nauyin karen a kalanda. Duk ranar da ya fita cikin ciyawa ko ya haɗu da wasu karnuka, ka duba kunnuwa da tsakanin yatsu da yamma, domin yawancin cututtukan sai kaska ta yi sa'o'i a manne kafin ta zuba su. Sabon kare kuma, ko wanda ya dawo daga barbara, a yi masa magani a keɓe shi kwana 2 zuwa 3 a wuri mai daɓen siminti kafin ya shiga cikin saura.